Yadda Za Ka Koyar da Rawar Sukwaya ga Sababbin Shiga Ba Tare da Ƙwararren Mai Kira Ba

Tambayar nan ta yi ta dawowa, yawanci daga malaman motsa jiki da 'yan'uwanmu mazauna Amurka waɗanda aka ɗora wa shirya daren nishaɗi a makarantar yara ko zauren unguwa: an ce a yi rawar sukwaya, mai kira kuma babu shi a kusa, ko akwai shi amma kuɗinsa ya fi ƙarfin aljihu. Yaya za a yi?

Za a iya. Rawa ce ta mutum takwas, biyu-biyu a ɓangarori huɗu, kowane rukunin takwas shi ake kira sukwaya, kuma ba haddace ta ake yi ba. Wani ne ke tsaye da makirfo yana faɗin motsin da za a yi, masu rawa suna bi, shi ne mai kira. Muryar wannan mutumin ana sayar da ita a faifai, ka ga ta nan ɓangaren an huta. Abin da ba a sayarwa shi ne idonsa. Mai kira na gaske in ya hango wasu sun rikice sai ya ɗan ja lokaci, ya maimaita, ko ya sauya kiran gaba ɗaya. Faifai ba ya ganin kowa, ba ya jiran kowa. Saboda haka aikinka shi ne ka tabbata babu kalma ɗaya da za ta fito daga lasifika wadda ƙafafun mutanenka ba su riga sun taka ba. Duk matakan da ke ƙasa a kan wannan aka gina su.

1. Wuri da kayan aiki

Kowace sukwaya tana buƙatar fili kamar mita 4 tsawo da mita 4 faɗi. Mutum 24 sukwaya uku ke nan, sai ka auna zauren kafin ka gayyaci jama'a. Daɓen katako ya fi kowanne. Siminti yana yi, amma yana gajiyar da gwiwa. Kafet mai kauri yana riƙe ƙafa a wajen juyi, a nan ne ake samun targaɗe. Tayil mai santsi da safa kaɗai a ƙafa, wannan kam kada ka yarda.

Kayan ba su da yawa: lasifika mai ƙarfin cika zauren, makirfo, waya ko kwamfuta mai ɗauke da kiɗan, salatif na takarda ko alli don yin alama a ƙasa, ƙyallaye masu launi guda huɗu ga kowace sukwaya, katunan rubutu, da ruwan sha. Haɗa wayar da lasifika da igiya ya fi Bluetooth, domin za ka yi ta tsayarwa kana mayarwa baya, kuma yankewar sauti a tsakiyar rawa tana wargaza komai. Ka kuma rufe shigowar kira da saƙonni a wayar.

Babban kuɗin da za a kashe na hayar zaure ne, in ba a samu na kyauta ba. Kiɗan kuwa daloli kaɗan ne kowane faifai, guda huɗu ko biyar sun isa farawa.

*Gargaɗi:* a Amurka saka kiɗa a taron jama'a yana da lasisi, wanda hukumomi irin su BMI da ASCAP ke bayarwa. Ƙwararrun masu kira galibi da nasu lasisin suke zuwa. Tunda babu mai kira, ka tambayi masu zauren ko nasu ya haɗa da taronku.

2. Zaɓen faifai

A nan ne akasarin mutane ke yin ɓarna tun kafin ranar ta zo. Sai mutum ya buɗe intanet, ya ji wata waƙa mai daɗi, ya sauke, ya zo da ita. Ana sakawa, kira na uku ya zama wanda ba wanda ya taɓa ji, kowa ya tsaya yana kallon kowa.

Kira iri biyu ne. Akwai na zube, inda mai kira ke magana a kan kiɗa yana jero motsi yadda ya ga dama, ba mai sanin abin da ke tafe. Akwai kuma na waƙa, inda ake rera umarnin a cikin waƙa kuma tsarin yana maimaita kansa. Na waƙa shi ne naka. Yawancinsu kashi bakwai ne, kowane kashi bugun kiɗa 64: buɗewa, jigo (wato babban jerin motsin waƙar) sau biyu, tsakiya, jigo sau biyu kuma, sai rufewa. Ka ga abu biyu kawai za ka koyar, jigon da kuma buɗewar, domin tsakiya da rufewa galibi buɗewar ce ake maimaitawa.

Kamfanonin da ke naɗar irin wannan kiɗa sukan sayar da shi kala biyu, mai murya da kuma kiɗa zalla. Ka samu duka biyun, za ka ga amfanin na zallan a mataki na 7.

Kafin ka amince da kowane faifai, zauna da biro ka saurare shi daga farko har ƙarshe, kana tsayarwa kana rubuta kowane kira. Har ƙarshe na ce. Wasu masu kira sukan sauya jigo a zagaye na uku don nishaɗi, kai kuma ba nishaɗi zai zame maka ba. In ka ga kira ko ɗaya da ba ya cikin waɗanda za ka koyar, ajiye faifan.

*Gargaɗi:* kada kalmar Mainstream a jikin faifai ta ruɗe ka, ka zaci na kowa da kowa ne. Wannan sunan wani mataki ne a tsarin CALLERLAB, ƙungiyar masu kira, kuma yana ɗauke da kira masu yawa waɗanda ake shafe watanni ana koya. Nemi waɗanda aka naɗa domin makarantu ko domin bikin dare ɗaya.

Saurin da ake rawa da shi a kulob-kulob bugu 120 zuwa 128 ne a minti ɗaya. Ga sabon shiga ya yi yawa. Manhajar Audacity kyauta ce, tana iya rage saurin ba tare da ta sauya sautin murya ba. Rage shi zuwa wajen 110. In ka yi ƙasa da haka sosai, mutane su koma jan ƙafa kamar masu rakiyar gawa, daɗin ya tafi.

3. Taka shi da kanka tukuna

Ba za ka koyar da abin da ba ka gani a ido ba. Manhajar Taminations, wadda ake samu a waya da kwamfuta, tana nuna kowane kira da zane mai motsi, kana iya rage saurinsa ka bi mutum ɗaya da ido. Bayan nan ka nemi murafun kwalba takwas, huɗu launi ɗaya huɗu wani launi, ka zana wa kowanne kibiya mai nuna inda ya fuskanta, ka jera su a tebur ka tafiyar da su bisa abin da ka rubuta. In kowane murfi ya dawo mazauninsa, rubutunka daidai ne.

In da hali ka tara mutum biyu ko uku kwana ɗaya kafin taron ku gwada. Su ne za ka yi nuni da su, kuma za ka raba su a sukwayoyi daban-daban su zama jagora.

4. Raba matsayi, sannan babban zobe

A kowane biyu akwai na hagu da na dama. Muryar faifai za ta kira na hagu maza, na dama mata, ko da kuwa duk zauren mata ne ko duk samari ne. Shi ya sa ƙyalle: duk mai tsayuwar hagu ya ɗaura a damtse, ka gaya musu in an ce maza, masu ƙyalle ake nufi. Kada kowa ya sauya matsayi a daren farko.

Akwai abin da ya kamata ka faɗa tun a takardar gayyata. A wannan rawa ana riƙe hannun kowa da ke cikin sukwayar, ana kuma musayar abokan rawa. Wanda ya zo da matarsa da zaton hannunta kaɗai zai taɓa, gara ya sani tun daga gida. Inda mutane ba sa son cakuɗa, a yi sukwayar mata daban, ta maza daban, rawar ba ta rasa komai.

Kada ka fara da sukwaya. Tara kowa a zobe ɗaya babba, kowa da abokinsa a gefe, suna fuskantar tsakiya. Ta haka kana ganin kowa, kowa yana ganinka, kuma ba ruwanka da ko adadin ya cika takwas-takwas. Bayani da Hausa ko duk yaren da ya sauwaƙa, amma sunan kiran ka faɗe shi da Turanci yadda yake a faifai, domin ko a Japan da Jamus da Turanci ake kiran. A zoben ka koyar da waɗannan:

Sakul lef da sakul rayit: a riƙe hannu a zaga hagu, sannan dama. Tafiya ce kawai, taku ɗaya a bugu ɗaya, ba tsalle.

Fowad an bak: taku uku gaba a dangwala ƙafa, taku uku baya a dangwala. Bugu 8.

Dosado: ka fuskanci abokinka, ku wuce juna ta kafaɗar dama, ku gusa dama baya da baya, ku dawo da baya ta kafaɗar hagu. Ba a juyawa, fuska tana kallon bango ɗaya daga farko har ƙarshe.

Furominad: biyu-biyu kafaɗa da kafaɗa, mai ƙyalle daga ciki, a zaga akasin tafiyar hannun agogo.

Suwin: asalinsa rungumar rawa ce ana juyi, amma ga sabon shiga a saƙala gwiwar hannun dama a zaga sau ɗaya ya wadatar. Abin da ba a sassauci a kansa shi ne ƙarshen: mai ƙyalle ya ƙare a hagu, abokinsa a damansa.

Cikin minti goma na farko ka saka kiɗa su motsa. Mutane rawa suka zo, ba lacca ba.

5. Kafa sukwaya

Yi alama huɗu a ƙasa da salatif. Gida na 1 su ne masu ba lasifika baya. Daga nan a ƙirga zuwa damansu: gida na 2, gida na 3 da ke fuskantar na 1, sai gida na 4. Na 1 da na 3 ana kiransu hed, na 2 da na 4 sayid. Ka ce hed su ɗaga hannu, sayid su ɗaga hannu, ka yi ta cakuɗawa har a daina duban maƙwabci kafin a ɗaga.

Sannan kwana. Ga mai ƙyalle, kwanarsa ita ce mutumin da ke hagunsa. Ga marar ƙyalle, wanda ke damansa. Sa kowa ya nuna abokinsa da yatsa, ya nuna kwanarsa, su gaisa su faɗa wa juna suna. Kada ka raina wannan minti biyun. Rabin rikicin da za ka gani a daren daga rashin sanin kwana yake.

In adadi bai cika ba, kada ka bar mutum shida a zaune har dare ya raba. A riƙa musanyawa bayan kowace waƙa, kai ma in ta kama ka shiga ka cike gurbi, wani ya riƙe maka wayar.

6. Kira biyun da ke rushe sukwaya

Alaman lef da rayit an lef giran kusan kullum tare suke zuwa, kuma su suka cancanci mafi yawan lokacinka.

Alaman lef: ka fuskanci kwanarka, ku kama damtsen hagu na juna, ku zaga juna, ku saki, ka dawo kana fuskantar abokinka. Kuskuren da aka fi yi shi ne miƙa hannun dama, domin da shi aka saba gaisawa. Kafin ka ce a tafi, ce kowa ya ɗaga hannun hagu sama ka gani da idonka. Za ka sha mamakin yawan manyan da za su ɗaga na dama.

Rayit an lef giran: ka ba abokinka hannun dama, ku wuce juna, ka ba na gaba hagu, na gaba dama, na gaba hagu, sai ga abokinka a gabanka. Masu ƙyalle suna tafiya akasin agogo, marasa ƙyalle suna bin agogo, kuma za ku haɗu ne a ɗaya ɓangaren sukwayar, ba a gida ba. Daga nan furominad rabin zagaye ya kai ku gida.

Koyar da shi hannu ɗaya-ɗaya. Ka ce: "Dama. Ku wuce. Ku tsaya." Ka duba kowa yana fuskantar sabon mutum. "Hagu. Ku wuce. Ku tsaya." Su riƙa ƙirgawa da baki, ɗaya, biyu, uku, huɗu, na biyar naka ne. Abu biyu za ka gani. Wani zai ƙi sakin hannu, sai ya juyo da wanda ya riƙe, su biyun su koma tafiya baya. Wani kuma da ya wuce mutum na farko sai ya waiwayo neman abokinsa. Maganin duka ɗaya ne: a saki hannu da zarar kafaɗu sun gota juna, kuma ba a juyawa ko da me.

*Gargaɗi:* ka hana fizga da matse hannu tun daga farko, musamman in akwai dattawa ko masu ciwon gaɓoɓi. Riƙon ya zama wanda kowa zai iya zare hannunsa a duk lokacin da ya so.

7. Kira da bakinka daga kati

Tsakanin tafiya ba kiɗa da sakin faifai mai murya akwai gada, ita ce kai da kanka ka yi kira a kan kiɗa zalla. Ba ƙwarewa ake nema ba. Karantawa za ka yi daga kati, amma kai kana iya jira. Ga jigo mai bugu 64 cif da za ka iya kwafa:

Hed fowad an bak, bugu 8. Hed dosado da wanda ke fuskantarsu, 8. Sayid fowad an bak, 8. Sayid dosado da wanda ke fuskantarsu, 8. Kowa dosado da kwana, 8. Suwin da kwana, 8. Furominad da kwanar, 16.

A ƙarshe ana komawa gidan mai ƙyalle ne, kwanarsa ta zama sabuwar abokiyar rawa, ya kuma samu sabuwar kwana a hagu. In aka yi sau huɗu kowa ya dawo wa abokinsa na asali, a nan ne za ka ji shewa. Ka lura, wurin da ake suwin ɗin taku biyu ne daga gida, wasu za su so su shige su tsaya. Ka gaya musu sai an zaga sukwayar duka.

Sirrin kiran lokaci ne. Kiɗan yana tafiya takwas-takwas. Dole kalmarka ta ƙare kafin bugu na ɗaya na motsin, wato ka faɗe ta a kan bugu na 5 zuwa na 8 na wanda ake ciki. In ka jira sai sun gama dosado kafin ka ce suwin, za su tsaya cak suna jiranka a kowane motsi. Gwada a gida: saka kiɗan, ƙirga ɗaya zuwa huɗu a zuci, ka faɗi kiran a sauran huɗun. In ka ga wata sukwaya ta makara, yi shiru na bugu 8 ka bar su su iso. Wannan shirun faifai ba zai taɓa yi musu shi ba.

Makirfo kusa da haɓa, kiɗa ƙasa da muryarka. Kuma kada ka ƙirƙiri jerin kira nan take a kanka. Masu kira suna shafe shekaru kafin su iya cakuɗa mutum takwas su mayar da kowa wurinsa da ido kawai. Abin da ke katin, shi kaɗai.

8. Sakin faifai mai murya

Bi wannan tsari a kowace sabuwar waƙa. Da farko su taka jigon ba kiɗa, da irin kalmomin da ke faifan daidai. Sannan su tsaya a gidajensu su saurari buɗewa da jigo na farko ba tare da motsi ba, domin kunne ya saba da lafazin mai kiran, wanda sau da yawa yana da sauri da cin kalmomi. Ka gaya musu ba duk abin da ya faɗa ne umarni ba, akwai baitocin cike gibi, musamman a lokacin furominad. Sannan a yi jigo ɗaya a tsayar. In ya tafi lafiya, a mayar farko a sake shi har ƙarshe.

Kai kuma ka tsaya inda kake ganin kowa, yatsa kusa da maɓallin tsayarwa. Kana iya jefa kalma ɗaya ta tuni, "kwana" ko "hagu", amma kada ka yi gasa da muryar faifan. Murya biyu a lokaci ɗaya ba a jin ko ɗaya.

9. In sukwaya ta rushe

Za ta rushe, ka sanar da su tun da wuri don kada kowa ya ji kunya. Doka ɗaya ce: kowa ya koma gidansa ya tsaya da wanda ke kusa, a jira alaman lef na gaba ko farkon jigo a shiga. Ba tsayawa gardamar wa ya ɓata. In sukwaya ɗaya ce cikin uku ta rushe, bar kiɗan ya ci gaba. In biyu ne, tsayar, a sake takawa.

Kada ka kira sunan wanda ya yi kuskure a makirfo. Gyara wa kowa gaba ɗaya, ko ka sa mai taimaka maka ya raɗa masa. In kuma ka ga masu rauni sun taru a sukwaya ɗaya, ce duk hed su matsa sukwaya ta gaba, ka gauraya su ba tare da kowa ya gane dalili ba.

10. Tsarin lokaci da darussan gaba

Awa ɗaya da rabi ta isa. Rawa minti 10 zuwa 15, hutu minti 5, haka har a tashi. Sabon kira ya zo a rabin farko, lokacin da hankalin mutane bai gaji ba. Minti ashirin na ƙarshe a maimaita waƙar da suka fi iyawa.

In aji ne na mako-mako, fara kowane zama da bitar na baya, sannan ka ƙara kira biyu ko uku kawai. Bayan na sama, sita ta dama da ta hagu ta fi sauƙi: mutum huɗu su haɗa hannu a tsakiya su zaga, bugu 8. Sai pas turu, wato wuce wanda ke gabanka ta kafaɗar dama. Sai ledis cen, inda marasa ƙyalle ke ba juna dama su tsallaka, mai ƙyallen ɗaya ɓangaren ya karɓe su da hagu ya juyo da su suna fuskantar tsakiya. Wanda ya yi fashin mako biyu, ka ce ya zo minti goma sha biyar kafin lokaci ku taka abin da ya wuce shi.

Da kira goma sha biyu zuwa sha biyar za ku iya shekara kuna nishaɗi, in dai kana sauya waƙoƙi. Amma in wasu sun ce suna son shiga rawar kulob a matakin Mainstream, faifai da kati ba za su kai su ba, domin can kiran zube ake yi, kuma yana buƙatar wanda zai cakuɗa su ta fuskoki daban-daban yana kallonsu. Nemi kulob mafi kusa ka tambayi lokacin da suke buɗe ajin sababbi, a Amurka da yawa a watan Satumba suke farawa. Ko kuma ku haɗa kuɗi ku gayyato mai kira na dare ɗaya, ka tura masa jerin kiran da kuka koya mako ɗaya kafin ya zo.